Kwana 8 a Turkiyya ni da maigida: tsarin nan ya yi?

"Assalamu alaikum. Shekararmu 11 da aure, ni da maigidana ba mu taɓa fita waje tare ba in ban da Umara. Bana Allah Ya hore, mun yi shawarar barin yara wajen kakarsu mu je Turkiyya yawon buɗe ido. Mai shirya tafiyar ya ba mu tsarin kwana 8: Istanbul, Bursa, Kafadokiya da Antaliya. Abin da ke damuna, wata ƙawata sun yi irin wannan tafiya, ta dawo tana cewa da ta sani da ba ta je ba, don rabin kwanakin a gajiye suka yi su, rabin kuma ba sa magana da mijinta. Shin tsarin nan ya yi? Me ya kamata mu shirya, kuma yaya za mu kauce wa abin da ya same su?" Wata baiwar Allah daga Kano.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah Ya sanya albarka a wannan niyya. In na fahimce ki daidai, abu biyu kike tambaya: ko garuruwa 4 za su shiga cikin kwana 8, da kuma yadda za ku je ku dawo ba ku ɓata da juna ba. Sana'ata shirya wa mutane tafiya ce da raka su, kuma a iya abin da na gani, tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya. Mafi yawan ɓacin ran da ma'aurata ke samu a ƙasar waje daga gajiya yake tasowa, da yunwa, da lissafin kuɗin da ba a yi ba tun a gida. Duk ukun kuwa suna kwance cikin takardar da aka ba ku, sai dai ba a rubuta su da suna ba.

Mu fara da ƙirga kwanakin

Ranar farko ta hanya ce. Daga Kano ko dai ku gangara Abuja ku hau Turkish Airlines da ke tafiya kai tsaye, awa 6 da ɗoriya a sama, ko ku bi jiragen da ke yada zango a Alkahira ko Addis Ababa ko Doha, inda jira kaɗai kan ci rabin yini. Agogon Turkiyya yana gaban namu da awa 2. Babban filin jirgin Istanbul, wanda aka buɗe a 2018, yana da nisan fiye da kilomita 40 daga tsohon gari inda yawancin baƙi ke sauka, ga shi da faɗin da kafin ku fito da akwatuna ƙafa ta riga ta ji jiki. Ranar ƙarshe ma ta hanya ce. Saura kwana 6.

Kafadokiya tana tsakiyar ƙasar, fiye da kilomita 700 daga Istanbul. A takarda za a ce miki tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce a jirgi, kuma gaskiya ne. Amma ki haɗa da ɗaure kaya, da fita daga otal, da cunkoson Istanbul, da isa fili da wuri, da kuma kusan awa guda a mota daga filin jirgin Kayseri zuwa garin Goreme. Yini ya tafi. Daga can zuwa Antaliya wata doguwar tafiyar ce, a mota takan cinye dare ko yini sukutum. Daga Antaliya a sake komowa Istanbul don hawa jirgin gida. Bursa kuma, ko ta ruwa ko ta titi, awa 2 ne ko fiye zuwa, haka dawowa. In kika cire duk wannan, Istanbul da ita ce uwar tafiyar ba za ta samu fiye da yini ɗaya da rabi ba. Za ku kwance akwati ku ɗaure sau 4, kuma kusan kullum kafin asuba za a buga muku waya cewa mota na jira.

Ba ina cewa mai shirya muku tafiyar macuci ba ne. Sunaye 4 a jikin talla sun fi sunaye 2 jan hankali, masu saye da kansu ne ke neman a cika musu. Sai dai ki tambaye shi dalla-dalla: a ranakun yawon rukuni, sau nawa za a tsaya a shagon fata ko na darduma ko na alawa? Al'ada ce sananniya a wannan harka, motar yawo takan biya ta irin waɗannan shaguna saboda la'adar da ake samu, kuma lokacinku ne ake kashewa a wurin.

Shawarata, ku zaɓi Istanbul da wuri ɗaya tak. In zuciyarku na kan Kafadokiya, ku yi dare 3 a Istanbul, 2 a can, ku dawo ku ƙarasa 2 a Istanbul, don kada ranar jirgin gida ta dogara ga wani jirgin cikin gida da zai iya makara. In kuwa ɗayanku na fama da gwiwa ko hawan jini ko ciwon suga, ku zauna a otal ɗaya a Istanbul duk kwanakin, ku ware yini guda ku leƙa Bursa. Garin ya cancanci zuwa: ita ce babbar cibiyar farko ta daular Usmaniyya, akwai Babban Masallaci mai ƙubba 20 da Sultan Bayazid na Ɗaya ya gina a ƙarshen ƙarni na 14, da tsohuwar kasuwar siliki ta Koza Han, da dutsen Uludag da ke rufe da ƙanƙara lokacin sanyi. Antaliya ku bar ta zuwa wani karon. Garin bakin teku ne na kwanciya a huta, kuma in ba otal ɗin da ya ware wa mata wurin ninƙayarsu kuka samu ba, irin shigar da za ku gani a bakin ruwa ba lallai ta yi muku daɗi ba.

Istanbul ba ta son gaggawa

Ku nemi masauki a unguwar Sultanahmet ko Sirkeci, kusa da layin jirgin kan titi mai lamba T1, wanda ya ratsa kusan duk wuraren da za ku so gani. Kafin ku biya, ku tambaya ko otal ɗin na da lif da kuma faɗin ɗakin, domin da yawa daga ƙananan otal-otal na wannan yanki tsofaffin gidaje ne masu siraran matakala, ɗakin kuwa da ƙyar akwati biyu ke buɗewa a ciki. Unguwar Taksim ta fi hayaniyar dare da mashaya, ba na tura ma'aurata irinku can. Ku sayi katin Istanbulkart tun ranar farko, da shi ake shiga bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da na kan titi da na ruwa. Garin tudu da gangare ne, titunan tsohon gari kuma duwatsu aka jera. Takalmi mai tsini ya zauna a gida, kuma kada ki zo da sabon da ƙafarki ba ta saba da shi ba.

Aya Sofiya da masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya 6 suna kallon juna, fili ɗaya ne tsakaninsu. An kammala ginin Aya Sofiya a 537 a matsayin coci, Sultan Muhammad Alfatih ya mai da shi masallaci a 1453, aka mai da shi gidan tarihi a 1934, salla ta dawo cikinsa a 2020. Tun Janairun 2024 baƙi masu zuwa kallo suna biyan kuɗi su hau bene ta wata ƙofa, masu salla kuma tasu ƙofar daban. Ni nakan ce wa mutanena su yi alwala tun daga otal su je lokacin salla, su zauna bayan an idar su ɗaga kai su kalli ƙubbar a natse. Wanda ya shiga cikin ayari yana bin tutar jagora ba ya samun wannan.

Fadar Tofkafi tana bayan Aya Sofiya, ba a buɗe ta ran Talata, kuma rabin yini take ci in ana so a gan ta da kyau. A nan ne ɗakin amanoni masu tsarki yake, kayan da aka fara tarawa bayan Sultan Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517: mayafi da takubba da ake jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da takubban da ake jingina wa sahabbai, da tsofaffin makullan Ka'aba, ga mai karatun Alƙur'ani yana yi ba yankewa. Layin wurin yana da tsawo, ku je da sassafe. Na ga manyan maza sun fito daga ɗakin nan suna share ido, kuma ban taɓa ganin wanda ya fito yana da ƙarfin shiga wani gidan tarihin a ranar ba. Shi ya sa nake cewa babban abu ɗaya a yini ya isa.

Wata ranar ku ba unguwar Ayyub Sultan, inda kabarin da ake jingina wa Abu Ayyub Al-Ansari yake, sahabin da ya sauki Annabi a gidansa a Madina, ya kuma rasu a yaƙin da Musulmi suka kawo wa wannan birni tun zamanin Banu Umayya. Za ki ga iyalai sun kawo yara maza sanye da fararen kayan sarauta na bikin kaciya. Akwai ƙaramar motar igiya da ke hawa da mutane kan tudun da ke sama, inda ake shan shayi ana hangen gari. Masallacin Sulaimaniyya kuwa, wanda gwanin magini Sinan ya kammala a 1557, a wurina ya fi duk sauran kwanciyar hankali, don 'yan yawon buɗe ido ba su cika shi kamar na Sultan Ahmad ba.

Abin da ma'aurata suka fi yi mini godiya a kansa kuwa shi ne mafi arha. Da la'asar sakaliya ku je tashar Eminonu ku hau jirgin fiton da mutanen gari ke hawa zuwa Uskudar. Minti 20 bai cika ba kun bar Turai kun taka Asiya, da kuɗin da bai wuce na bas ba. Ana sayar da shayi a ciki. Ku yi magariba a ɗaya daga masallatan bakin ruwa, ku ci abinci, ku dawo. Masu talla a titi za su yi ta cusa muku yawon dare a jirgi mai abinci da kiɗa da 'yan rawa. Yana da tsada, kuma yawancin matan da na sani ba su ji daɗin zama a wurin da mazajensu ba.

Maganar balan-balan

Na san hoton da ya ja ku Kafadokiya: balan-balan ɗin nan masu ɗaukar mutane sun cika sararin sama da sassafe a kan duwatsu masu tsini. Abin yana da kyau ƙwarai, gani ya kori ji. Amma ki sa wannan a ranki tun yanzu: ba kullum suke tashi ba. Hukumar sufurin sama ta ƙasar ce ke ba da izini kowace safiya bisa ƙarfin iska, in ta hana babu kamfanin da zai tashi, kuma lokacin sanyi ana iya jera kwanaki ba a tashi ba. Don haka ake yin dare 2 aƙalla, a sa hawan a safiyar farko, in an fasa a gwada ta biyu. Ki tabbatar a rubuce cewa za a mayar da kuɗi in iska ta hana. Ana ɗaukar mutane daga otal tun kafin fitowar rana, sanyi na cizo ko da bazara ce, zaman sama kusan awa guda ne a tsaye cikin kwando. Ba a ɗaukar mai juna biyu, mai ciwon baya ma sai ya yi tunani saboda jijjigar sauka.

In maigidanki na tsoron tsayi, kada ki matsa masa, kuma kada ki mai da abin na tsokana a gaban mutane. Kallonsu daga saman otal da kofin shayi a hannu ma abin kallo ne. Kuma ko balan-balan bai tashi ba, yankin na da abin gani: tsofaffin coci-coci da aka sassaƙa cikin dutse a Goreme, wanda ke cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1985, da garuruwan ƙarƙashin ƙasa irin Derinkuyu, inda mutane suka riƙa ɓuya da dabbobinsu lokacin yaƙi. Hanyoyin ciki matsattsu ne, a sunkuye ake bin wasu, mai asma ko mai jin ƙunci a rufaffen wuri ya tsaya daga sama.

Abu ɗaya da ke kama mutane: Istanbul filin jirgi biyu gare ta. Akwai babban na ɓangaren Turai, akwai Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya, kuma jiragen cikin gida masu arha da yawa daga na biyun suke tashi. Tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Na taɓa karɓar wayar wasu ma'aurata da suka tsaya a filin da ba nasu ba, jirgi ya tashi ya bar su, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifin rashin duba tikiti. Ku duba tare, da daddare, kafin ranar.

Takardu, kuɗi da akwati

Kada ku biya kuɗin otal ko tikitin da ba a mayarwa kafin biza ta fito. Ƙa'idojin bizar Turkiyya ga 'yan Najeriya sun sha canzawa, saboda haka maganar ofishin jakadancinsu da ke Abuja ita ce abin riƙewa a lokacin da za ku nema, ba tawa ba, ba kuma ta wanda ya je bara ba. Abubuwan da aka saba nema su ne fasfo mai sauran wata 6 aƙalla, bayanin asusun banki na watannin baya, shaidar aiki ko kasuwanci, inshorar lafiya ta tafiya, da takardar aure in maigida ne ke ɗaukar nauyinki. Ku fara da wuri. Ki kuma duba sunanki a tikiti harafi bayan harafi ya dace da na fasfo, domin mata da yawa fasfonsu na ɗauke da sunan uba, mai yankan tikiti kuma ya rubuta na miji. Katin rigakafin shawara shi ma ya shiga jaka. Ku ɗauki hoton duk takardun a wayoyinku biyu, kuma ku riƙa yawo da shaida a jiki, don 'yan sanda kan tsayar da baƙi su duba takardu, musamman wajajen unguwar Aksaray da ke Istanbul.

Game da kuɗi, Lira, wato kuɗin Turkiyya, ta yi shekaru tana faɗuwa kuma farashi na hawa da sauri, don haka duk lissafin da ƙawarki ta ba ki ya riga ya tsufa. Ku riƙe Dala ko Yuro, ku canja kaɗan a filin jirgi don mota, sauran a shagunan canji na cikin gari, musamman kewayen Babbar Kasuwa mai rufi ta tsohon garin Istanbul, inda farashin ya fi kyau. Kada ku dogara ga katin Naira shi kaɗai, iyakar da bankuna ke sa masa a waje ba ta zama wuri ɗaya. Ku raba kuɗin gida biyu, wani a jikinki wani a jikinsa, ku kuma ware kaso ɗaya cikin biyar da ba za a taɓa ba sai larura.

Akwati kuwa, ku cakuɗa kayanku: kowane akwati ya ɗauki rabin naki da rabin nasa, ta yadda in ɗaya ya ɓata a hanya babu wanda zai rasa abin sawa. Magungunan yau da kullum da kaya kala ɗaya su zauna a jakar hannu, tare da takardar likita in maganin mai ƙarfi ne. In akwati bai fito ba, kada ku bar filin jirgi sai kun cike takardar rahoto a teburin kayan da suka ɓata, kun karɓi lamba. Ki zo da yajinki da garin kunu ko na koko. Kilishi da dambun nama ki bar su, dokar kwastan ɗinsu ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara.

Abincinsu halal ne a mafi yawan wurare, amma ba shi da yaji irin namu. Karin safe burodi ne da cuku da zaitun da tumatir da ƙwai. Miyar adas da suke kira mercimek, da shinkafa da wake, da gasasshen nama, su ne suka fi karɓar cikin mutanenmu. Akwai ayran, tamkar nono tsinkakke da aka sa wa gishiri. In kewar tuwo ta tashi, akwai gidajen abincin 'yan Afirka a Aksaray. Duk inda ba a rubuta farashi ba ku tambaya kafin ku zauna, musamman kifi da ake sayarwa a kan kilo.

Ku biyun

A nan ina magana ne da abin da idona ya gani a hanya, ni ba mai sasanta aure ba ce. A gida, maigida ya fita da safe sai dare, ke kina da yara da aikinki da 'yan'uwa. Shekara 11 za ta iya wucewa ba ku taɓa yin awa 24 cur kuna tare ku biyu kaɗai ba. Ko a Umara ibada ce ta cika lokacin, ga 'yan rukuni. Yanzu ga ku a ɗaki ɗaya ƙarami, ba mai raba muku hankali.

Ki lura da halin da namiji ke shiga. A Kano ya san kowace hanya, ya san wanda zai kira. A can ba ya jin yaren, Turkawa da yawa ba sa jin Turanci, ga shi ya ɓata hanya a gaban matarsa, ko direban tasi ya cuce shi tana kallo. Kunyar nan ce ke juyewa ta zama faɗa. In hakan ta faru, "ai na faɗa maka" ita ce kalmar da za ta lalata yinin. Shi ma ya kamata ya san naki nauyin: jikinki na Istanbul, rabin zuciyarki na wajen yara. Ku sa lokaci ɗaya a yini na kiran gida, ku kuma sa wani na wayoyin kasuwarsa, don kada ki yi ta zama a gaban abinci yana ciniki da mutanen Kwari.

Kafin ku tashi, ku zauna kowa ya faɗi abu 3 da in bai yi ba zai ji tafiyar ba ta cika ba. Sau da yawa sai a nan ake gane shi tarihi da masallatai yake so, ita kuma kasuwa da hotuna, ko kuma akasin haka. Ku sa na kowa cikin tsari. Maganar kasuwa ta fi kowace haddasa rigima. Babbar Kasuwa mai rufi tana da shaguna wajen 4,000, ba a buɗe ta ran Lahadi, kuma farashinta na baƙi ne, sai da tayi. Kayan sawa na sari suna Laleli da Osmanbey da Merter. Ki ware yini ɗaya sananne na sayayya, a ƙarshen tafiya, kuma ya ba ki kuɗinki a hannu tun farko, adadin da kuka yi ittifaƙi a kai, don kada ya zama kowane gyale sai kin roƙa a gaban mai shago. Sautu kuwa, ki taka masa birki tun a gida. Da zarar dangi sun ji za ki Turkiyya, wannan abaya, wancan labule, waccan kayan jarirai. Na ga matan da suka kashe kwana 3 cikin 6 suna neman kayan wasu, miji na zaune a bakin shago yana huci. In ya zama dole, akwai kamfanonin kago a Laleli masu aiko kaya Najeriya a kan kilo, a tara a ba su a yini ɗaya a huta.

Ku riƙa komawa otal bayan azahar ku kwanta awa ɗaya ko biyu. Mutane na ganin asarar kuɗi ce a zo har Turkiyya a yi barcin rana, amma waɗanda ke yi su ne ke fita da yamma da fara'a. In kuka ji murya ta fara tashi, ku nemi gidan shayi mafi kusa ku zauna ku ci wani abu tukuna, sannan a yi maganar. Tsofaffin matsalolin gida kuma, na dangi ko na kuɗin makaranta ko wani abin da aka daɗe ana ɓoyewa, kada ki ce ga dama ta samu tunda kin same shi shi kaɗai. Ba shi da inda zai fita ya sha iska, ke ma haka, maganar za ta fi ƙarfin ɗakin.

Ta fuskar ibada, Turkawa Hanafawa ne, za ku ga 'yan bambance-bambance a salla da zikirin bayanta, kada su dame ku. Wurin mata yana baya ko a bene, wurin alwalarsu kuma ba ko'ina yake da sauƙin samu ba. Batun ƙasaru ku tambayi malaminku kafin tafiya: a mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana 4 a wuri na yanke hukuncin matafiyi, a Hanafiyya kwana 15 ne, fatawa kuwa ba tawa ba ce. Ki kuma duba lissafin al'adarki wajen zaɓen ranaku, tunda rabin abin da za ku gani masallatai ne.

Sauran ƙananan abubuwa

Tasi ita ce babbar ƙorafin baƙi a Istanbul: wani ya ƙi kunna mita, wani ya zaga da ku, wani ya sauya takardar kuɗin da kuka ba shi ya ce ƙarama kuka bayar. Ku kira ta manhajar BiTaksi ko Uber, ku faɗi adadin kuɗin da baki lokacin miƙawa, ko ku bi jirgin kan titi. In mai goge takalmi ya yar da buroshinsa a gabanku, ku wuce abinku, tarko ne na jawo ku biya. Wanda ya tare ku da fara'a yana tambayar daga ina kuke, ƙarshenta shagon darduma zai kai ku. Za a kalle ku, wasu ma su nemi ɗaukar hoto da ku, musamman in kin sha atamfa da ɗauri shi kuma ya sa babbar riga. Yawanci sha'awa ce, kuma kina da ikon cewa a'a. Lambar gaggawa 112 ce, ofishin jakadancin Najeriya kuma yana Ankara. Kowannenku ya riƙe katin otal mai adireshi a aljihu, don in cunkoso ya raba ku kowa ya san inda zai nufa.

Ba ki faɗi watan da za ku tafi ba, kuma yana da muhimmanci. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne da ruwa, wani lokaci da ƙanƙara, rana na faɗuwa da wuri, rigunan sanyin da muke sawa da hunturu ba sa wadatarwa. Yuli da Agusta zafi ne mai gumi, layuka sun yi tsawo, otal ya yi tsada, isha'i kuma a tsakiyar bazara takan wuce ƙarfe 10 na dare, asuba ta zo da wuri, barci ya yi ƙaranci. In kuna da zaɓi, ku nemi Afrilu zuwa Mayu, lokacin da furannin tulif ke buɗewa a lambunan Gulhane da Emirgan, ko Satumba zuwa Oktoba. A waɗannan watannin ne kuma balan-balan ya fi samun damar tashi fiye da lokacin sanyi. Ku kauce wa makon Babbar Salla da ta Ƙarama, don Turkawa da kansu suna hutu, Babbar Kasuwa na rufewa, jiragen cikin gida kuma na cika.